Fankar da Buwai Ya Hana Hutu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar ƙasar nan da ta bar kwalta a Rimin Gado ta yi arewa wajen Bagwai, ya san a-kori-kurar Buwai, ko da bai san Buwai ɗin ba. Fara ce a da, in ji waɗanda suka san ta tana budurwa. Ita ke kai tumatir kasuwa da rani, ita ke kai taki gona da bazara. Ita ke ɗauko kayan amarya, ita ke kai mara lafiya asibiti, in ta Allah ta kasance kuma ita ke dawo da shi gida. Mutanen Gidan Shago suna kiran ta Gwaggo, wai don ta girmi rabin ƙauyen kuma ba ta taɓa ƙin aike ba.

Shi kuwa Buwai ɗan manoma ne jikan manoma. Kakansa Shago, wanda sunansa ya bi ƙauyen, a kan addinin kakanni ya rasu. Uban Buwai ne ya fara shiga coci. To amma akwai abin da bai sauya ba a gidan nan tun daga kaka har jika: ba a son zama. Buwai ya tashi da fartanya a kafaɗa, da ya zama saurayi ya bi mota, ya yi shekaru yana lodin buhuna a birni har ya iya tuƙi, sannan ya dawo gida ya yi aure. Sai da furfura ta fara leƙowa a gemunsa ya sayar da shanun huɗarsa ya mallaki Gwaggo. Gajere ne kakkaura, dariyarsa kusa, fushinsa ma kusa. In ya tarar da mutum zaune a inuwa da hantsi, da gaske yake tambayarsa ko jikin ne babu daɗi.

Abin da zan ba ku labari ya faru ne cikin bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi.

Jemima, matar yayan Buwai, ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu. Ita ta kawo shawarar su yi kiwon kaji na haɗin gwiwa, ita ta bi gida-gida tana lallashi har aka yarda. Matan nan da kansu suka kwaɓa ƙasa, suka ɗebo ruwa a ka, suka tayar da ɗakin kaji a bayan cocin, maza na wucewa suna dariya. Wata ta sayar da akuyarta, wata gyaɗar da ta ɓoye don damina. Ranar da za a ɗauko 'yan tsakin daga Rijiyar Zaki, duk abin da matan ƙauyen suka mallaka na kansu yana cikin kwalayen nan, kuma da bakin Jemima aka sa shi a ciki.

Motar da ke kawo 'yan tsaki daga kudu ta saba isowa da sanyin safiya. Ran nan ba ta iso ba sai da rana ta take. Mai shagon da ke sayar da su yana miƙo kwalayen yana ja wa Jemima da Buwai kunne.

“Mama, kin ga sun kwana a hanya, sun gaji. Kar ku tsaya ko'ina. Muddin mota na tafiya iska na shiga ramukan kwalin. In kuka tsaya cikin wannan rana, zafin jikinsu kaɗai zai dafa su.”

Buwai ya riga ya ɗaura zana a kan ƙarafan bayan motar don inuwa. Ya buɗe wa Jemima ƙofar gaba.

“Shigo, matar yaya, yau ki ɗana kujerar manya.”

“Riƙe kujerarka. Ina 'ya'yana suke?” Ta tattare zani ta haye baya, ta zauna a tsakiyar kwalaye, kukan tsaki ya rufe ta ta ko'ina.

Sun wuce katangar jami'a kenan, gidaje sun fara ja da baya, gonaki sun buɗe, sai Buwai ya ji abin.

Ku sani ita Gwaggo dama mai ƙugi ce. In ta taso daga nesa sai ka ce jirgi ne zai sauka, kuma Buwai yana alfahari da haka, yana cewa ƙarfi ne. Amma wannan ba ƙugin ba ne. Wani sauti ne a ƙarƙashinsa, ƙar-ƙar-ƙar, kamar ana jan kara a jikin kwanon rufi. Ya kashe rediyo. Ya ɗaga ƙafa daga totur, sautin ya lafa. Ya taka, ya dawo, har da wani ƙwal da ya ji shi a cikin haƙoransa.

Duk direban da ya daɗe a hanya akwai maganar da ba ya son ko tunaninta, ita ce a ce inji ya buga. In inji ya buga ba gyaran yini ba ne, ba na mako ba. Ya rage gudu sosai. Nan take ya ji ana dukan rufin mota.

“Direba! Gawa muka ɗauko ne? Iska ta ɗauke a nan!”

Muryar Jemima ce. Ya ƙara gudu kaɗan, sautin ya ƙaru. Ya rage, Jemima ta sake dukan rufi. A haka, tsakanin ƙarar gaba da dukan baya, ya lallaɓa har Rimin Gado, ya karya kan motar ya shiga garejin Sha'aban.

Gareji dai sunan ne. Darbejiya ce guda a bakin titi, da benci, da akwatin sifanu, da gawarwakin motoci a baya inda awaki ke kwana. Sha'aban kuwa dogo ne siriri, ba ya gaggawa ko a magana. Tare suka yi lodi da Buwai a birni suna samari, shi ya sa babu abin da ba sa faɗa wa juna.

“Ɗan Shago, tun daga kwana nake jin ka. Me ka ba tsohuwar nan ta ci?”

“Bar wasa, Malam. Rai ne a baya.”

Sha'aban ya leƙa, ya ga kwalaye, ya ga fuskar Jemima. “Sannu, Maman Charity. A sauke su, a jera a inuwa, kar a ɗora wani kan wani.”

Inuwar kuwa a tsakar rana ba ta fi tabarma biyu ba. Kafin a gama saukewa mai faci da mai shayi sun matso, kowa da hannu a baya.

“Ai wannan inji ne,” in ji mai faci. “Haka ta Alhaji Mudassir ta yi kafin ta kwanta.”

“Ta buga,” in ji mai shayi, kamar mai yin ta'aziyya.

Buwai ya ji kamar ya shaƙe su. Sha'aban bai ko dube su ba. Ya ɗaga bonet, ya zaro sandar baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Mai na nan daidai. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya duba a rana ko zai ga ƙyallin ƙarfe, bai gani ba.

“Tayar.”

Buwai ya murza makulli. Ƙugi ya tashi, ƙar-ƙar ɗin na biye. Sha'aban ya ɗauko dogon sukundireba, ya dafa bakinsa a kan injin, ya manna kunne a ƙotar. Ya saurara. Ya matsa baya, ya saurara. Ya dafa ƙasa-ƙasa, ya lumshe ido. Buwai na kallon fuskarsa ta gilashi, fuskar ba ta ce komai ba.

“Kashe.”

“Mene ne?”

“Ban sani ba tukuna. Cikinta dai ban ji kuka ba.”

Ya sassauta noti, ya zare fambel, wato bel ɗin da ke juya fanka da famfon ruwa, ya rataye shi a wuya. “Sake tayarwa. Amma da na ɗaga hannu ka kashe, don yanzu babu abin da ke sanyaya ta.”

Buwai ya tayar. Shiru. Wato ba shiru ba, inji na aiki sumul, tik-tik-tik, irin muryar da ya manta Gwaggo na da ita. Babu ƙugi, babu ƙar-ƙar. Sha'aban ya ɗaga hannu.

“Injinka lafiya lau. Ciwon yana cikin abin da bel ke juyawa.”

Mai faci ya tuna yana da aiki. Buwai ya sauko, ya ji sauƙi a ransa, amma sauƙin bai daɗe ba, don daga inuwa Jemima ta kira shi da muryar da ba ta wasa ba.

“Buwai, zo ka gani.”

Ta buɗe kwali ɗaya. 'Yan tsakin sun daina kuka. Sun buɗe baki, sun saki fukafukai, suna haki. A kusurwa guda ɗaya ya kwanta, ƙafafu a miƙe. Ta ɗauke shi ta sa a gefen zaninta.

Ya koma wajen motar da sauri. Sha'aban ya kama reshen fanka ya girgiza. Fankar gaba ɗaya ta yi lakwaf-lakwaf kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya nuna masa jikin robar da ta kewaye ta, inda bakin fankar ya yi ta kartar ta har ya ci rami. Ya kama bakin famfon ruwa ya girgiza, wannan bai motsa ba. Sai ya zura hannu ya shafa tsakiyar fankar, wani ƙarfe mai kama da faranti mai tsaga-tsaga, ya tsaya cak.

“Ɗan Shago. Wa ya ɗaure wannan?”

Buwai ya dubi titi.

Bari in tsaya in gaya muku, don ku gane. Farantin nan shi ake kira kulocin fanka. Akwai wani mai mai kauri a cikinsa. In inji na da sanyi, sai ya saki fanka ta yi ta lilo a hankali. In zafi ya taso, sai ya kama ta ta ja iska da ƙarfi. To direbobin ƙauyukanmu ba su yarda da wannan tsari ba. A ganinsu ƙasar Turawa aka yi wa shi, inda ake sanyi. Da kuloci ya fara tsufa, sai a huda shi a zura masa kusoshi a ɗaure tam, fanka ta dinga gudu tare da inji ba tsayawa. Bara da rani Buwai ya leƙa ya ga fankarsa na juyawa a kasalance alhali inji na aiki, ransa ya ɓaci. Da hannunsa ya ɗaure ta, a ƙofar gidansa, har yana gaya wa maƙwabta ya yi maganin malalaciya.

“Kusa uku ka sa, kuma duk gefe guda,” in ji Sha'aban. “Shekara guda tana gudu da ɗingishi. Boris ɗin ciki, wanda take juyawa a kansa, ya narke. Saura ƙiris ta tsinke, in ta tsinke kuwa lagireto, tankin ruwan injin, za ta shiga, ta yanka shi kamar kabewa.”

“Kowa haka yake yi.”

“Kowa kuma nan yake zuwa.”

“Ƙara ɗaure ta. Ta kai ni gida kawai, gobe in dawo.”

“Zan iya. Wataƙila ta kai ka. Wataƙila kuma ta tsinke a yashin rafi, inda babu bishiya babu rijiya. Tambayi mai kayan.”

Jemima ta ji su. Tana fifita kwalaye da murfin kwali, gumi na ɗiga daga haɓarta. “Malam, in an canza fa?”

“Sabo sai birni. Kafin a je a dawo la'asar ta yi.” Ya juya ya dubi bayan garejin. “Amma ga waccan.”

Wata a-kori-kura ce irin Gwaggo, wadda tirela ta murƙushe wa baya shekarun baya. Gabanta na nan. Suka kori awaki, suka ɗaga bonet da ƙyar. Sha'aban ya shafa kulocinta, babu alamar mai ya tsiyaye. Ya tura fankar da yatsa, ta tafi kaɗan ta tsaya, da nauyi, kamar ana juya muciya a kunu mai kauri.

“Da ranta. In notinan sun yarda.”

Noti huɗu ne ke riƙe da shi, kuma damina da yawa ta wuce a kansu. Sha'aban ya ɗiga musu man birki don ya ci tsatsar. Na farko ya yi ƙara ya saki. Na biyu ma. Na uku sai da Buwai ya danne bel da dukan ƙarfinsa don kar abin ya juya. Na huɗu kuwa, sifana ta zame, ta sake zamewa, kan notin ya murje ya zama kamar ƙwallon goruba.

Daga masallacin bakin kasuwa aka kira azahar. Sha'aban ya ɗaga kai, ya dubi inuwar darbejiya, ya sunkuya.

“Lokaci bai fita ba. Miƙo guduma.”

A can inuwa kuwa mutane sun ƙaru. Wata mai fura da wata mai awara sun ajiye tallarsu, sun zo da faifai suna fifita. Mai shayi, don ya wanke bakinsa, ya kawo ruwan randa da ɗan sukari. Jemima na ɗaukar tsaki ɗaya-ɗaya tana tsoma bakinsa a murfin kwalba. Amma hannu nawa gare ta, tsaki nawa ne? Gefen zaninta ya fara nauyi.

“Buwai!”

“Saura ɗaya, matar yaya!”

“Ɗazu ma ɗaya ka ce!”

Sha'aban ya kafa bakin tsohon sukundireba a gefen notin, ya buga. Bai motsa ba. Ya buga, sukundireban ya zame ya yage masa fatar yatsa. Ya tsotse jinin ya tofar, ya sake kafawa. Buwai na riƙe da bel, ƙarfen motar na ƙona masa ciki ta cikin riga, yana addu'a a zuci, irin wadda ba ta da tsari, sunan Yesu kawai yake maimaitawa. A bugu na ban-san-nawa-ba notin ya yi ɗan ƙiƙ. Suka dubi juna. Sha'aban ya bi shi a hankali, bugu kaɗan, juyi kaɗan, har ya faɗo a tafinsa.

Sauran aikin da gudu aka yi shi. Aka mayar wa Gwaggo bel don ya riƙe, aka kwance nata notinan, waɗanda ba su yi gardama ba. Tsohon kulocin ya fito yana zubar da garin ƙarfe. Reshen fankarta ɗaya ya tsage, don haka aka ɗauko har fankar waccan motar aka ɗora. Sha'aban ya ɗaure notinan yana tsallakawa, wannan sannan na gabansa, don ya zauna daidai. Ya ja bel, ya danna shi da babban yatsa.

“Tayar.”

Ƙugi ya tashi, huuu, kamar da. Can sai ya fara sauka, ya sauka, ya ɓace. Buwai ya diro ya leƙa. Fanka na juyawa a hankali, abinta.

“Ka gani ko! Ta mutu ita ma! Malam, wannan ba za ta hau yashi ba. Kawo kusa.”

“In ka kawo kusa kusa da ita, ni da kai ne. Ba mutuwa ta yi ba, jira take. In zafi ya zo za ta tashi.”

“In ba ta tashi ba fa?”

“Ka ga allurar zafin nan? In ta wuce tsakiya, kar ka tsaya, ka ci gaba. In ta taɓa ja, ka kashe. Tsakanin nan da can, ka bar ta ta yi aikinta.”

“Ku gama musunku a lahira!” in ji Jemima. “A ɗora min kaya!”

Masu talla suka taya lodi. Sha'aban ya ɗauki buta ya nufi masallaci yana ɗaure yatsa da tsumma, bai ko tsaya jin godiya ba.

Suka bar kwalta. Hanyar ta ratsa gonaki da aka share ana jiran ruwa, tarin taki baƙi-baƙi a ko'ina, gidaje nan da can. Buwai bai taɓa jin Gwaggo shiru haka ba, kuma shirun ya fi ƙarar ba shi tsoro. Ido ɗaya a hanya, ɗaya a allura. Tana ƙasa da tsakiya. Ta matso. Ta zauna a tsakiya.

Sai ga rafin. Babu ruwa, yashi ne fari mai faɗi, mai laushi, sai an sa giya mai ƙarfi an bi a hankali, inji na kuka, iska ba ta shiga. Ya shiga. Tayoyi suka fara nutsewa suna fita. Allura ta wuce tsakiya.

Ƙafarsa ta so birki. A cikin akwatin gaba akwai waya da filaya, ya san zai iya ɗaure fankar nan da waya kafin a ce me. Amma tsayawa a nan, tsakiyar yashi, rana a tsaye, kuma in ya tsaya wa zai tura? Allura ta ƙara hawa. Tsakaninta da ja bai fi faɗin ƙwayar dawa ba. Daga baya babu dukan rufi, babu magana, kuma wannan ya fi komai tayar masa da hankali.

“Tashi mana,” ya ce da ƙarfi, shi kaɗai. “Don Allah tashi.”

Suna tsakiyar rafin ƙugin ya zo. Ya faro daga ƙasa, ya cika motar, huuu, har sitiyari na karkarwa. Allura ta tsaya inda take. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta fara ja da baya, kaɗan-kaɗan. Gwaggo ta kama gaɓar can ta haye, ta hau ƙasa mai tauri, ya sa giya ta gaba, iska ta shiga. Ba a jima ba ƙugin ya sauka da kansa.

Matan zumunta suna tsaye a bayan coci tun hantsi. Da suka hango motar suka yo gudu, wata har ta fara guɗa, sai ta ga fuskar Jemima ta haɗiye. Jemima ta sauko, ta kwance gefen zaninta, ta juye abin da ke ciki a wata ƙwarya. Sun kusa cika ta.

“Waɗannan sun tafi,” ta ce. “Ku buɗe sauran.”

Aka shigar da kwalaye ɗakin, aka buɗe. Da farko 'yan tsakin suka tsaya a takure. Sai ɗaya ya taka ya nufi ruwa, wani ya bi shi, kafin ka ce haka ƙasan ɗakin ya zama rawaya yana motsi, kuka ya cika wurin har ba a jin magana. Matar da ta sayar da akuyarta ta durƙusa a bakin ƙofa tana dariya tana share ido.

Buwai bai sauko ba. Yana zaune, inji a kashe, hannayensa sun ƙi sakin sitiyari. Jemima ta zo ta tsaya a tagar da kofin ruwa, ta dube shi sama da ƙasa.

“Sauko ka sha, ƙanin miji. Ko kai ma sai na kama ka na tsoma maka baki?”

Ya karɓa, rabin ruwan ya zube masa a riga kafin ya kai baki.